Inuwar Inna a Gilashin Waya

Ku da kuke bin labarina, yau ba ni da abin dariyar da zan ba ku. Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto wai na cika zaɓe, mace ta samu mai gida da mota tana ta jan ƙafa. Wani ya ce in ba na so in turo masa lambar mutumin, yana da ƙanwa. Na gode. Ku gyara zama ku ji abin da mai gida da motar ya yi mini, sannan ku turo ƙannen naku.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce Auta, haka ake kirana a gida. Ina aiki a shagon wanki da guga, ni ce mai karɓar kaya a teburin gaba. Kafin riga ta shiga inji, aikina ne in laluba aljihunta. Ba za ku yarda da abin da mutane ke mantawa a aljihu ba. Na taɓa samun haƙorin yaro a naɗe cikin takarda, da makullin da har yau ba a zo nema ba, da ƙwan tsuntsu ɗan mitsitsi wanda bai fashe ba. Ina da gwangwanin madara da nake tara su.

A teburin nan na haɗu da Manaja. Shi ke kula da wani babban shagon sayar da tayil, yana kawo kwat ɗinsa wanki duk mako. Tun da nake laluba aljihunsa ban taɓa samun komai ba, ko zare. Da farko abin ya burge ni. Na ce ga mutum mai tsabta.

Iyayena duka sun rasu. Ina zaune da Gwaggo, ƙanwar Baba, Yayana kuma yana can da iyalinsa, yana zuwa in akwai magana. Manaja ya nemi aurena, kowa ya ce to, ni kaɗai na ce a ba ni lokaci. Ba wanda ya ɗaure ni. Amma a gidanmu in ka ce a ba ka lokaci, da shayin safe ake fara tambayarka ko lokacin ya ƙare.

To, sai maganar waya.

Wayar da nake riƙewa ta Baba ce. Shi mai gyaran agogo ne, shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, in ya miƙe hannu biyu yana taɓa bango da bango. Inna ba ta son hoto. Da ta ga an ɗaga waya sai ta kare fuska da tafin hannu. Sau ɗaya tak Baba ya riga ta. Tana shanya, abin maƙale kaya a bakinta, ya kira ta, ta waiwayo tana dariya, hannun ya taso bai kai ga fuskar ba. Shi ke nan hotonta a duniya. Na katin shaidarta ruwa ya daɗe da cinye shi.

Bayan ta rasu, Baba ya jingina wayar da gwangwanin ƙananan kusoshi, ya sa ta a caji, ya hana ta kashe fuska. Daga buɗe shago zuwa rufewa Inna tana nan tana waiwayowa. In mai kawo agogo ya tambaya, sai ya ce, “Tana taya ni ganin ƙananan abubuwa.” Haka shekaru suka wuce.

Da shi ma ya tafi, ba wanda ya san lambar sirrin wayar. Yaya ya kai ta aka buɗe da ƙarfi, ta dawo fes, babu lamba, babu saƙo, babu hoto. Da ya ga ta tsufa ba ta yi masa ba, ya miƙo mini. “Riƙe, tunda ke kika fi kowa son tarkace.”

Wata rana da azahar, shago ba kowa, na buɗe farin shafi zan rubuta wani abu. Sai na ga kamar hayaƙi a cikin farin. Na goge da gefen mayafina, bai tafi ba. Na karkata wayar wajen taga. Ga zagayen ɗankwali. Ga kafaɗa. Ga hannu ya taso. Ga wuri mai ɗan duhu inda bakinta yake dariya. Na zauna a kan ƙullin zannuwan wani otal.

Inna ba ta cikin wayar, tana cikin gilashin. In ka sa wayar ta ɗauki hoton fuskarta, fari fat za ka gani. In ka ɗauka da wata waya, sai layi-layi da ƙyalli. Ba ta yarda a kwafe ta, kamar dai lokacin da take raye. Sai ka buɗe fari, ka karkata, ka yi shiru, sannan ta fito.

Na taɓa nuna wa Manaja, lokacin da nake ganin zan iya nuna masa komai. Ya karɓa, ya juya, ya ɗaga gilashin idonsa.

“Ni dai datti nake gani,” ya ce. Ya zaro hankici ya goge mini ita da kyau.

Matsalar ita ce wayar ta gaji. Batir ya kumbura, bayanta ya ɗago kamar burodi, tana mutuwa ana tsakiyar magana. Manaja ya kai ƙara wajen Gwaggo, wai yana kira ba ya samuna, har ya fara tunanin da gangan ne.

Ranar da abin ya faru, ina ɗaura ɗankwali Gwaggo ta tsaya a ƙofar ɗakina, kofin shayi a hannu.

“Wannan rigar za ki sa?”

“Aiki za ni, Gwaggo.”

“Aiki da kasuwar waya. Zai biyo ya ɗauke ki da hantsi, na riga na ce masa to. Cire, ki sa shuɗiyar nan mai aiki a wuya. Kina fita kamar wadda aka aika sayen gawayi.”

“Wayata tana yi.”

“Tana yi? Jiya ina miki maganar gishiri ta mutu, kika dawo mini da sabulu.”

Na sa shuɗiyar, da farin mayafi, da takalmin da ke cizon ɗan yatsana. Na ce a raina, waya ce kawai, karɓar waya ba amsa ba ce.

Ya zo cikin kwat ruwan toka, da ƙamshinsa mai kama da sabon kwali. Ya kai ni wani bene da shagunan waya suka cika shi tun daga ƙasa, kowane shago da kiɗansa. Wanda muka shiga na wani mai ƙiba ne mai fara'a, gaba yana sayarwa, baya yana gyara. Bayan labulensa na hango tebur da fitila mai lanƙwasa da ƙananan sukundireba a jere. Wurin ya yi kama da lungun Baba.

“Yallaɓai, barka da zuwa. Amarya, ga kujera.”

“Ba amarya ba ce tukuna,” na ce.

“To, mai jiran gado, ga kujera.”

Manaja ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce a fito da masu kyau.

Mai shago ya ajiye waya biyu a gabanmu, girmansu ɗaya. “Kar kowa ya ruɗe ku da maganar kyamara,” ya ce. “Fuska ita ce waya, ita za ki wuni kina kallo. Kuma fuska iri biyu ce, sauran duk surutu ne. Wannan amoled, wannan elsidi.”

Ya buɗe baƙin hoto a kan kowacce, ya jawo durowa ya sa su ciki, ya ce mu leƙa. Ɗaya ta ɓace ɓat, kamar babu waya a wurin. Ɗayar tana wani haske toka-toka, irin na sama in hadari ya haɗu.

“Kun gani? Amoled kowane ɗigo da fitilarsa. In aka ce baƙi, sai ɗigon ya kashe kansa, shi ya sa baƙinsa baƙi ne na gaske, kuma launi a kansa kamar ka lasa. Elsidi kuwa fitila ɗaya ce a baya, kamar an kunna ƙwan lantarki a bayan labule. Ko ka ce ya yi duhu, sai haske ya ɗan tsiyayo.”

Na ɗauki amoled ɗin. An sa hoton wani jan tsuntsu a kan reshe, ja ɗin har yana shiga ido. Na daɗe ina kallonsa.

“Meye aibinsa?” Manaja ya tambaya.

“In ya fashe, gyaransa sai mutum ya yi gumi. Wasu kuma in sun rage haskensa idonsu yana ciwo. Amma babban halinsa riƙo ne, yallaɓai. Yana da riƙo kamar uwar miji. Abin da ya daɗe a kansa sai ya bar tabo, don ɗigon da suka fi wahala sun fi saurin gajiya. Direbobi suna kawo mini nasu, taswirar hanya ta zauna daram, ko ka buɗe hoton ɗanka sai ka ga titi ya ratsa goshinsa.”

“Ɗayan fa?”

“Elsidi ba ruwansa. Ka nuna masa abu shekara, gobe ya manta.”

“Shi muke so,” Manaja ya ce.

Na ɗago. Mutumin da ko alƙalami zai saya sai ya tambayi wanda ya fi tsada, yau shi ne yake zaɓen mai sauƙi.

“Ni wannan nake so,” na ce.

“Kin ji yana tabo.”

“Na ji.”

“To me za ki yi da abin da yake tabo?”

“Wa zai riƙe wayar, ni ko kai?”

“Wa zai riƙa kiranta?” Ya yi murmushi, irin wanda yake yi wa masu sayen tayil in sun zaɓi launin da bai so ba. “Auta, gida sabo, kaya sabbi. Ba na son abin da yake ajiye tsohon zance.”

Mai shago ya ga iska ta canja, ya nemi gyara. “Ai ga misali ma a hannunta. Kawo in nuna miki.” Kafin in hana ya karɓi wayar Baba, ya buɗe fari, ya karkata ta da gwanintar wanda ya saba. Sai fara'arsa ta tsaya.

“Wannan ai mutum ne.”

“Mahaifiyata ce.”

“Allah ya jiƙanta.” Ya sake kallo. “Dariya take yi.”

Ban san lokacin da idona ya cika ba. Tun da na gano ta, shi ne mutum na farko da ya gan ta ba tare da na nuna masa da yatsa ba.

“Batir kam yana so a canja,” ya ce a hankali. “Gilashin…”

“Kar ka taɓa gilashin.”

“Ba zan taɓa ba.”

Manaja yana kallon agogon hannunsa. Aka ɗauki elsidi. Ban ƙara musu ba, na ce ai ina da tawa, wannan ta kiransa ce, ya zaɓi abin da ya ga dama.

Sai batun kwashe lambobi da saƙonni zuwa sabuwar. Tsohuwar tana farawa ta mutu, a sa caji, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Mai shago ya ce abin zai ɗauki lokaci. Uwar ɗakina, mai shagon wankinmu, ta kasa samuna, ta kira wayar Manaja tana faɗa, wai kaya sun taru a tebur ba mai karɓa.

“Je ki,” ya ce. “Ina nan zaune a kanta kamar kaza a kan ƙwai. Da yamma zan kawo miki duka biyun gida.”

Na tsaya da hannuna a kan wayar. Ku da kuke karantawa kuna cewa kar ki tafi. Ni ma wani abu a cikina haka ya ce. Amma mutum ne da nake tunanin aura. In ba zan iya bar masa waya na wuni ɗaya ba, me zan iya bar masa? Na ɗauke hannuna.

Da la'asar ya zo. Falon Gwaggo kun san shi, kujerun da ba a taɓa cire musu leda ba, kabad ɗin kofunan da baƙi kaɗai ke sha da su, da bangon da ta rataye agogunan Baba, kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama don ba mai murɗa su. Yaya ma ya zo, da alama an kira shi. Gwaggo ta sa mayafinta na fita a cikin gida, ta fito da kofunan kabad.

Manaja ya ajiye kwalin sabuwar waya a kan tebur. Sannan ya zaro ta Baba daga jaka, ya ɗora a kai. Bayanta ya kwanta, an goge ta tana ƙyalli.

“Na ga kina ƙaunarta,” ya ce, “sai na sa aka gyara miki gaba ɗaya. Batir sabo, gilashi sabo.”

Ban ji ƙarshen maganar da kyau ba. Na ɗauka, na buɗe farin shafi. Na karkata dama. Na karkata hagu. Na tashi na je taga. Fari ne, fari tas, irin na zanin otal da ya fito daga inji.

“Kai, Allah ya yi albarka,” Gwaggo take cewa. “Waya biyu a rana ɗaya. Auta, bakinki ciwo yake? Ki ce an gode mana.”

“Ina gilashin?”

“Wanne?”

“Wanda aka cire.”

“Haba, Auta,” Yaya ya ce, yana juya sabuwar wayar a hannunsa. “Tabo ne fa. Ni sau nawa kika nuna mini, ban taɓa ganin Inna a ciki ba.”

“Kai ka fara goge ta, Yaya. Ina za ka gan ta?”

Yaya ya ajiye wayar a kan tebur. Leda ta yi ƙara a ƙarƙashin Gwaggo.

“A gaban baƙo?” ta ce. “Uwarki da kike magana, da tana nan, ita za ta fara cewa ki yi hankali. Matattu ba sa zama a gilashi, 'yar nan. Addu'a suke so. Rayayye kuma ga shi zaune, ya bar aikinsa ya wuni a kasuwa saboda ke.”

Manaja ya sunkuyar da kai kamar wanda aka zalunta. “Laifina ne, Gwaggo. Na ɗauka zan faranta mata.”

“Ba ka da laifi, ɗana. Gobe da yamma kawunka ya zo kamar yadda aka yi. Za a ba shi amsa.”

Na shige ɗaki da takalmin a ƙafata. Abin da zai ba ku haushi shi ne, a lokacin har uzuri na yi masa. Na ce mutum ne da ba ya iya ganin tabo ya ƙyale. Na ce wauta ce irin ta masu tsabta, ba mugunta ba. Na ce gilashin yana can shagon, gobe zan je in karɓo, a mayar, shi ke nan.

Da safe ban bi ta wajen aiki ba. Na sa tsohuwar rigata, na tafi benen wayoyi. Na tarar mai shago yana ɗaga ƙofa. Da ya gan ni sai ya kawar da kai, babu amarya, babu mai jiran gado.

“Na ce kar ka taɓa.”

“Kin ce.”

“Ina yake?”

Na riga na hango kwandon a ƙarƙashin teburin gyara, cike da matattun gilasai, baƙaƙe, an jibga su kamar ɓawon kifi. Na durƙusa na fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ban ma san yadda zan gane nawa ba, tunda duk fuskarsu ɗaya in babu wuta.

“Tashi, ƙanwata, za ki yanke hannu. Ba ya ciki.”

Ya jawo mini kujera. Ya ce ƙa'idarsa, duk abin da ya cire a kwandon nan yake jefawa, sai in mai kaya ya nemi abinsa. Ya ce bayan na tafi, Manaja ya fita waje da waya a kunne, ya dawo ya ce na canja shawara, a canja gilashin.

“Na ce masa, yallaɓai, akwai mutum a ciki fa. Ya ce in buɗe masa fari. Ya karɓa ya karkata, daidai yadda ake yi, ban koya masa ba. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, ‘Da ita take kama, ta wajen baki.’”

Wanda ya ce datti yake gani.

“Sai ya ce in cire a hankali, kar ya mutu. Ya tambaye ni ko za a iya mayar da shi wata rana. Na ce ana iyawa, in dai igiyarsa ba ta karye ba, don siririya ce kamar ganyen albasa. Kuma kar ya tsage. Irin wannan in ya tsage ko ta gefe ne, iska ta shiga, baƙi yake bin sa kamar tawada a riga har ya cinye fuskar duka. Na kawo kwali da soso zan shirya masa. Ya ce ba ya son tarkace. Ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun kwat.”

“Aljihun ciki ko na waje?”

Ya dube ni, bai gane dalilin tambayar ba. “Na gefe. Na waje.”

Aljihun da ke bugun ƙofar mota. Aljihun da bel ɗin kujera ke dannewa. Ni na san aljihu.

A matakalar benen na zauna, mutane suna ratsa ni, na fito da sabuwar wayar. Saƙon farko da na rubuta a kanta ke nan, zuwa ga Manaja.

“Gilashin yana wajenka.”

Bai ɓata lokaci ba. “Ina kwana, Auta. Ko gaisuwa babu?”

“Yana wajenka.”

“Yana nan lafiya. Na adana miki shi.”

“Ka kawo mini yau.”

“Yana cikin durowar madubi, a ɗakin da na gyara miki. Ranar da kika shigo, ke za ki buɗe da hannunki. Na ga kin kasa barin gidan da kike, sai na ce bari in kai Inna can ta jira ki.”

Ya sa hoton fure a ƙarshe.

Na karanta har haruffan suka fara rawa. Ku gaya mini, ku masu ƙanne, wane suna ake ba wannan? Bai zage ni ba. Bai ɗaga murya ba. Ya dai zauna a shagon mutane, ya kalli fuskar uwata, ya gane ta, ya auna nauyinta a wurina kamar yadda yake auna tayil, ya ga za ta iya jawo ni inda shi ya kasa.

Kuma abin da ya fi ci mini rai, dabarar ta kusa yi. A cikin motar haya ina ta lissafin abin. Na ce ai ba dukana zai yi ba. Na ce mata nawa suka shiga gidan da bai kai wannan ba, ba tare da an ajiye musu komai a durowa ba. Na ce in shiga, in buɗe, in ɗauki Inna, sauran rayuwa kuma a yi ta yadda ta zo. Kafin in sauka na kusa gama shirya yadda zan ce wa Gwaggo to.

Uwar ɗakina ta yi faɗan makara, na ba ta haƙuri, na ɗaura atamfar aiki a ƙugu na tsaya a teburina. Injuna suna juyi, tururin guga ya cika baya. Mai guga ya leƙo ya ce direban Manaja ya kawo kaya tun da safe, ga su can a leda.

Riguna farare, wando biyu, da kwat ruwan toka. Ta jiya.

Hannuna ya yi aikinsa da kansa, yadda ya saba. Aljihun ƙirji, babu komai. Na ciki, babu komai. Na gefen hagu, babu. Na sa hannu a na dama, har ƙasa, inda ɗinki yake tara ƙura a kwat ɗin sauran mutane.

Wani abu ya soke ni.

Na zaro yatsa da ɗigon jini a kai. Na juya aljihun a hankali a kan farin zanin da ke tebur. Abu ya faɗo, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Baƙi, siriri, gefe ɗaya a lanƙwashe kamar kusurwar waya. Na sake girgizawa. Wani ya biyo shi, ƙarami, da ɗan gari mai ƙyalli.

Tun da na san mutumin nan, yau ne karo na farko da na samu wani abu a aljihunsa.

Na ɗauki babban. Na karkata ɗan gilashin wajen taga, kamar wawuya, ko zan ga gefen ɗankwali. Wataƙila saman ne kawai ya ɓantare, cikin yana nan. Wataƙila tun jiya a mota tawadar ta fara tafiya, tana cin kafaɗa, tana cin hannun da ya taso, yana zaune a falonmu yana shan shayi a kofin baƙi. Wataƙila ya sani. Wataƙila da ya buɗe hankicin ya gani, ya rufe durowar, ya turo mini fure.

Ban sa shi a gwangwanin madara ba. Na naɗe shi a takardar da muke liƙa wa kaya, na sa a cikin rigata.

Sabuwar wayar ta yi ƙara. Gwaggo ce.

“Ki taso da wuri yau, kin ji? Ki biya ki sayo lemo. Kawunsa ya ce bayan la'asar. Auta, kina jina? Me zan ce wa bawan Allah in ya zauna?”

“Ki ce ya jira ni, Gwaggo. Ni ma ina da baƙo.”

Na kashe. Na kira mai shagon waya na tambaye shi ko zai iya rufe shagonsa da yamma ya zo da kayan aikinsa. Ya ce in turo masa kwatance.

Sai na rubuta wa Manaja.

“Ka zo da gilashin yau. Mai gyara zai haɗa shi a falon Gwaggo, a gaban kawunka. Ba zan ba da amsa ba sai uwata tana wurin. In ta fito, za ka ji abin da zan ce.”

Alamar ya karanta ta fito nan take. Sai ga ɗige-ɗigen nan na mai rubutu. Suka tsaya. Suka dawo. Suka sake tsayawa.

Na ajiye wayar a kan farin zanin, kusa da kwat ɗinsa mai aljihu a waje, ina kallonta har fuskarta ta fara dushewa. Ban bar ta ta mutu ba. Na taɓa ta da yatsan da ya yi jini, ta sake haske, kuma har yanzu bai rubuto komai ba.